Daminar da Na Sayi Injin Ciyawa

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, don ɗan da ka haifa ba ya iya ɓoye maka magana ko ta waya ce. Kuna cewa na zaɓi itatuwa na bar 'ya'yana, kuma wai yayanku yana fushi da ni tun shekarar da na sayi injin nan. Ko rabin maganar ba haka take ba. Tunda Allah Ya bar mini idona da hannuna, gara in rubuta yadda aka yi da kaina, kada bayan raina kowa ya zuba wa labarin gishirin da ya ga dama. Sunan yayanku ba zai fito a takardar nan ba, kun san ba na faɗar sa. Ɗan fari ne, kuma tsufa bai cire mini wannan kunyar ba.

Babanku ya rasu ana gab da faɗuwar ruwa. Lambun bayan gida nasa ne, ba nawa ba. Shi ya sayi kangon tun lokacin da aka dawo da ni asibitin Gummi daga Bukkuyum, ya zagaye shi da katanga, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro da gwaiba da lemun tsami, ya jera zogale a gindin bango. Kullum in ya dawo daga masallacin asuba sai ya tuɓe riga ya ɗauki lauje da fartanya, ba ya shigowa karin kumallo sai rana ta ɗaga. Ni aikina karɓar haihuwa ne, ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi wurin yake fes ba. Na ɗauka haka Allah Ya yi shi. Sai da na shiga takaba na gane cewa mutum ɗaya ne yake tare dajin nan da ƙirjinsa shekara da shekaru. Ciyawa ba ta san ana zaman makoki ba. Ina ɗaki ina jan carbi, ita tana ta aikinta, kafin in fita takaba kyasuwa ta kai mini ƙugu, ƙarangiya ta rufe hanyar rijiya, har gwaibar ƙarshe ba a ganin gindinta.

Ranar fitar takaba duk kun zo, kuna iya tunawa. Hafsatu, 'yar yayanku, lokacin ba ta daɗe da iya gudu ba, ta bi wani ɗan tsako ta kutsa cikin ciyawar. Allah Ya sa Dije tana bakin rijiya. Ga jikokin da ba su san ta ba, Dije maƙwabciyarmu ce, Bafulatana, wadda suka shigo gari bayan an kore musu shanu, suka zauna da 'yan tumaki da awakin da suka rage. Ita ta hangi gamsheƙa ta fasa kai taku kaɗan daga yarinyar, ta yi wuf ta fizgo ta da hannu ɗaya. Maza suka zo da sanduna suka kashe macijiyar. Yayanku ya rungume 'yarsa yana kallon lambun, ni kuma ina kallon sa ta gefen ido. Washegari da hantsi sai ga bappanku Sani, ƙanen babanku, ya yi sallama ya zauna yana ta gyaran murya. Tun daga gyaran muryar na san aike ne.

“Hajiya, yaron ga ya aiko ni. Ya ce gidan ga ya hi ƙarhinki. Ki tattara ki koma Gusau wurinai, nan a sa haya ko a saida.”

Na ce, “Ka ce mai shi ba ni damana guda. In yat taho da kaka yat tarad da daji, ni da kaina za ni ɗaure kayana.”

Bappanku ya kai saƙo, ya dawo ya ce an yarda. Ina jin dukansu sun ɗauka rarrashin tsohuwa suke yi, kamar yadda ake ce wa yaro gobe za a saya masa keke.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa na kafe, don ba mangwaro ba ne. A gidan nan ni mutum ce. Har yau in naƙuda ta rikice wa wata a unguwa, ƙofata ake bugawa kafin a nemi babur zuwa asibiti. Kabarin babanku yana nan kusa, in iska ta kaɗo ina jin karatun masallacin da ya yi shekaru yana salla a ciki. A Gusau kuwa me zan zama? Tsohuwar ɗakin baƙi, wadda ake kai wa abinci a rufe a ce Inna ki huta. Ni haifaffiyar Adabka ce, na ga 'yan uwana na ƙauyukan can sun baro gidajensu ba da son ransu ba, na ga yadda dattijo mai rumbu yake komawa ɗan rakuɓe a zauren wani. Su abin da ya kore su ya fi ƙarfinsu. Ni kuwa a ce ciyawa ce ta kore ni? Na ji haushin wannan har cikin ƙashina.

Rani ya shigo, ciyawar ta bushe, muka share muka ƙone, na samu lokacin tunani. Na fara gwada laujen babanku a kan busasshen karan da ya rage, ban kai ko'ina ba bayana ya riƙe, sai da na dafa bango na miƙe. Aka ce in ɗauki 'yan ƙwadago. Su wa? Samarin da na sani, waɗanda da yawansu a hannuna aka haife su, duk sun tafi ramukan zinariya wajen Anka, waɗanda suka rage kuma baƙin ido ne. A zamanin nan mace mai zaman kaɗaici ba ta buɗe wa wanda ba ta san asalinsa ba ƙofa ya ƙare wa gidanta kallo. Aka ce to maganin feshi, kowa shi yake yi yanzu, kwana kaɗan ciyawa ta ƙone. Wannan kam ko saurara ban yi ba. Na yi aiki a lokacin da ake kawo mana yaran da gubar dalma ta kama daga ƙauyukan masu haƙar zinariya, na ga abin da ƙasar tsakar gida take yi wa yaro in an lalata ta. Na san maganin ciyawa daban, dalma daban, ba sai an karantar da ni ba. Amma tun daga lokacin zuciyata ba ta yarda in zuba wani abu a inda kaji ke kiwo kuma rijiyata take ba. Injin fetur kuma na taɓa ganin ana aiki da shi a wata makaranta, wani ƙato yana ta fizgar igiya yana zufa kafin ya tashi, ga ƙara kamar injin niƙa, ga man da ko masu babur kuka suke da shi.

Asma'u ce ta kawo maganar mai batir. Ita ce autata, tana aure a Sakkwato, kuma ita kaɗai a cikinku ta gaji taurin kaina. Ta ce ta ga wani a wurin masu kayan Kwatano, na hannu ne amma da sauransa, ba igiya ba fetur, cajin sa ake yi kamar waya. Tunda babanku ya bar mana sola a kan rufi, ai magana ta ƙare. Na sayar da ragunan da nake kiwo don layya, ban shawarci kowa ba. Aka ɗoro shi a motar haya, ya iso Gummi a ɗaure bisa buhunan wani mai shago. Da aka sauke shi a zaure sai na ga abu kamar keken koya wa yaro tafiya, ƙafa huɗu da mariƙi, da jaka a baya inda ciyawa take taruwa, batirin kuma bai fi curin burodi ba. Babu wata takarda tare da shi. Abin da mai sayarwa ya gaya wa Asma'u kawai shi ne a cika batir, a danna, a tura. Na rufe shi da tsohon zane a ɗakin babanku, ina leƙa shi kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ciyawa ta fara tsirowa. A nan na yi kuskuren da duk wani ɗan ƙasar nan zai yi. Mu a wurinmu ba a yankan ciyawa sai ta isa yanka. Ciyawa abincin dabba ce, ana barin ta ta tashi har hannu ya iya damƙar ta, lauje ya samu abin kamawa, a yi dami a ɗauka. Wanda ya tsuguna yana yankan ciyawar da ba ta wuce idon sawu ba, sai a ce a duba lafiyarsa. Saboda haka kullum in na leƙa lambun sai in ce da saura. Dije ma ta leƙo ta ce da saura. Ina ta murna ma da take tsawo, wai don injin ya samu abin da zai nuna bajintarsa. Sai da ta kai gwiwa, ta yi duhu, ta haɗe da tafasa da harkiya, sannan na ce yau ce ranar.

Ban gayyaci kowa ba, amma labari ya riga ya zaga unguwa cewa Hajiya ta sayo inji. Kafin in gama saka takalman ruwa na babanku mata sun cika bakin lambun, har da masu goyo. A daren da ya gabata an yi ruwa, ciyawar sharkaf take. Na sa batir, na yi bisimilla, na danna. Ya tashi da wata 'yar ƙara mai daɗi kamar fanka, mata suka yi guɗa. Na tura. Ya ci gaba kaɗan, sai muryarsa ta sauya, ya yi wani gurnani irin na ragon da ya haɗiyi leda, ya yi tsit. Na cire batir, na kifa shi, na tarar ciyawa ta naɗe wuƙar ta cushe ko'ina ta zama kamar dambu. Na ƙwaƙule da tsinke, na mayar, na sake turawa. Haka muka yi ta yi, ni da shi, ina zufa ina cije leɓe, kafin in kai gwaibar farko batirin ya mutu murus. Abin da na yanka bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, shi ma kamar ɓera ya gaigaye. Wata daga baya ta tambaya ko azumi yake yi. Dije ta zagaya shi tana riƙe da haɓa.

“Wanga ɗan birni na, Hajiya. Bai saba da tuwon ƙauye ba.”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Amma da suka watse na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar babanku. Ba kunyar mata ce ta sa ni kuka ba. Gani na yi raguna sun tafi, damina ta yi nisa, ciyawa tana nan tsaye tana kallo na, ga alkawarin da na ɗauka da bakina a gaban bappanku. Har na fara lissafa abin da zan ɗauka da abin da zan bari. Da na idar da azahar sai na ji haushi ya dawo mini, kuma ni haushi ya fi yi mini amfani a kan kuka. Na kira Asma'u na gaya mata, na kuma gargaɗe ta cewa in maganar nan ta isa Gusau ni da ita ne. Ta ce in ba ta zuwa la'asar. Ta je ta tambayi wani mai kula da filin wata ma'aikata, ta kalli yadda masu abin suke yi a waya, sannan ta kira ni tana dariya.

“Inna, su ba su bari ta girma. Tun tana ƙarama su ka aske ta, kowane mako. Kuma ba a yi in tana da ruwa.”

Sai na gane. Ni lauje na ɗauka na saya, ashe wanzami ne. Shi ba ya sare daji, hana shi tashi yake yi.

To amma dajin ya riga ya tashi, dole a fara kwantar da shi. Na je gidan Dije da kaina. Ba a yi wani ciniki ba, don al'ada ta riga ta yanke: ciyawa ta wanda ya yanka ce. Ta zo da laujenta da surukarta, suna tafe suna buga sanda a gaba saboda maciji, suka yi kwanaki suna yanka suna ɗaure dami suna fita da shi. Tumakinta sun yi salla a makon nan. Da ƙasa ta bayyana sai wani aikin ya fito. Wurin duk kunyoyin kuɓewar babanku ne, ga turakun awaki da suka karye a cikin ƙasa, ga ƙwallayen mangwaro, ga gwangwanaye da fasassun kwalabe. Injin nan ba ya hawa kunya, kuma in wuƙarsa ta daki turke sai ka ji kamar haƙorinka ne. Ni na baje wurin da hannuna. Tunda ba na iya sunkuyo, sai na ɗauki kujerar tsugunno da fartanya, in zauna in baje abin da hannuna ya kai, in ja kujera gaba. Da safe kaɗan, da yamma kaɗan. Tafin hannuna ya yi kanta, wanda bai taɓa yi ba duk tsawon aikina. Dije takan leƙo ta katanga ta ce wai ko titin jirgi nake yi, in ce mata e, ita zan fara ɗauka.

Daga nan na koyi halinsa kamar yadda ake koyon halin miji. Ba ya son raɓa, sai hantsi ya busar da ciyawa. Batirinsa ba ya son a bar shi a rana, kuma ba ya son a sa masa caji yana da zafi. Caji ɗaya rabin lambun yake yi mini, saboda haka na raba aikin kwana biyu, gefen rijiya yau, gefen gwaiba gobe. Da marka ta kankama, rana ta yi kwanaki ba ta fito sosai ba, sola ta kasa ɗaukar firji da batir tare, wutar gari kuwa kun san halinta. Na kashe firjin na koma shan ruwan randa. Wuƙar ta dakushe, na kai wa maƙeri ya wasa, yana ta tambayata ko takobin aljanu ce. Ƙafa ɗaya ta fita, mai gyaran keke ya ɗaure ta da ƙusa, har yau da ɗan ɗingishi yake tafiya. In ya lalace da gaske babu mai kayan gyaransa a Gummi, wannan na sani, shi ya sa nake lallaɓa shi.

Abin da ban zata ba shi ne rigimata da Dije. Da ta ga ina bin ciyawa ina askewa kowane mako tun ba ta kai ko'ina ba, sai ranta ya ɓaci. Ta tsaya a bakin rijiya ta ajiye ƙwaryar nono ba ta ko zauna ba.

“Hajiya, wanga almubazzaranci na. Bisashe na kwana da yunwa, ke kina aske abincinsu. Daji ba shi shiguwa, kin sani.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Matar da ta fizge jikata daga bakin maciji, ga shi ina hana dabbobinta abin da suka ɗanɗana. In na bar mata ciyawar ta girma, tumakinta za su ƙoshi, ni kuma in tafi Gusau. Na gaya mata haka ƙiri-ƙiri, na ce ba zan bari ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, gidan ya yi mini faɗi. Na shiga shanya abin da injin ya tara a kan tabarma, in ya bushe in cuɗa da dusa in aika mata a buhu. Tumakin suka ci, awakin suka shinshina suka juya baya, kun san akuya da iyayi. Bai kai dami ba, ni da ita duk mun sani. Ta dawo daga baya, muka ci gaba da gaisawa da hira, amma har yau ba ta taɓa sa hannu a mariƙin injin nan ba, kuma in na tashe shi tashi take yi ta tafi gida.

Wajen ƙarshen damina wani abu ya faru da ban san zai faru ba. Dogayen ciyayin da ake ta askewa suka gaji suka mutu, ƙiriƙiri kuwa, wadda dama rarrafe take yi, ta samu fili ta mamaye ko'ina. Lambun ya koma shimfiɗa ɗaya kore shar, ko ƙadangare ya gitta daga can ƙarshe sai ka gan shi. Na bar ɗan gefe kusa da rijiya don lalo da tafasa, saboda injin bai san miya ba, duk abin da ya tarar aske shi yake yi. Matan da suka yi mini dariya suka fara zuwa suna tambaya ko su ma su sa mazansu su saya. Abin da nake gaya musu shi nake gaya muku. In kina da dabbobi da bayan da ke sunkuyo, lauje ya fi miki sau goma. In wurinki kunya-kunya ne, ko ba ki da sola, ko ke mai cewa gobe ce, kada ki ɓata dukiyarki. Amma in ke tsohuwa ce mai fili a baje, wadda ba ta so ta jira kowa, to ni dai ya biya ni.

Yayanku ya zo da kaka kamar yadda aka yi, ana cikin yankan shinkafa a fadama. Shi kaɗai ya zo. Bayan ya ci abinci ya fita lambun, ya zagaya shi tun daga rijiya har gwaibar ƙarshe, hannuwansa a baya. Na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro na zauna ina tsinkar zogale, ina jira a aika a kira bappanku ya zo ya karanta mini hukunci. Bai aika ba. Ya dawo ya tsuguna a kan ciyawar nesa kaɗan da tabarmata, yana shafa ta da tafin hannu. Ni da shi ba mu saba doguwar magana ba, tun yana yaro ta bakin wani muke yi.

“Inna, ba ciyawa ba ta. Kin san ba ciyawa ba ta.”

Na ce na sani.

Ya ce kullum wayarsa ta yi ƙara a lokacin da bai saba ba sai gabansa ya faɗi. Ya ba ni labarin hanyar da ya biyo, inda suka tarar da motoci sun tsaya cirko-cirko ana jira a ji ko gaba lafiya, da garuruwan da ya wuce babu kowa sai kangaye. Yana magana yana murza ciyawar kamar ƙaramin yaro, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar irin nauyin da na ɗora masa.

“In kin ji motsi, Inna, wa za ki kira?”

“Wanda ni ka kira tun ba a haihe ka ba.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya share fuska da hularsa, ya ce alkawari alkawari ne, bai tarar da daji ba, ba zai sake tayar da maganar ba. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce in an yi hutun makaranta zai kawo yara su yi gudu a filin nan, Hafsatu kullum sai ta tambayi gidan Inna. Allah Ya sani, duk turin da na yi wa injin nan a daminar, ƙafafun yarinyar nan nake gani a gabana. Don ita na tsince kowace kwalba. Na ajiye zogalen da ke hannuna.

“Kada ka kawo su.”

Ya ɗago ya dube ni.

“Ni niz zaɓi zama, su ba su zaɓa ba. Kada ka ɗora min jikoki bisa hanyag ga don su gan ni. In hanya ta gyaru, ni ka aiko maka.”

Na kuma ce kada ya gaya wa ko ɗaya daga cikinku cewa ni na hana, don na san ku, da kun ji za ku taso mini da maganar tashi sabuwa fil, ku ce tunda na san da haɗari me nake zaune yi. Ya ce to. Kuma ya riƙe. Shekarun nan duk kuna cewa ya yi zuciya, ya raba ni da jikokina saboda na ƙi bin maganarsa, wasunku har sun daina kiran sa, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Shi kuwa yana zuwa, shi kaɗai, ba ya ko sanar da ku. Ku kira shi ku ba shi haƙuri tun ina da rai.

Hafsatu yanzu ta kai kafaɗar uwarta, a waya nake ganin ta. Ba ta taɓa taka ciyawar nan ba. Ina jin zafin wannan kowace safiya, ban kuma yi da-na-sani ba. Har yanzu ban aika ba, don hanyar ba ta gyaru ba. Amma ranar da zan aika, ba na so a ce a dakata sai an share wuri, shi ya sa ko a makon nan na aske shi.